Injin busar da mota bayan wanki: wanne za a saya, wanne za a bar wa mai shago

Ƙananan zanen nan da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haske ta, masu kewaye-kewaye kamar saƙar gizo-gizo, yawancinsu ba a kan titi aka samo su ba. A wajen wanki aka yi su, kuma galibi lokacin gogewa. An gama ɗauraya, sai a ɗauko tsumman da ya goge motoci biyar tun safe, ya faɗi ƙasa an karkaɗe shi, a bi jikin fenti da shi ana dannawa. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a cikinsa ta isa ta yi ɓarna. Amfanin injin hura iska na farko ke nan, wato bulowa: ya rage yawan taɓa fenti. Na biyu, ya fito da ruwan da ke ɓuya inda tawul ba ya kaiwa, cikin madubin gefe, bayan lamba, ƙarƙashin robar gilashi, ramin notin taya. Ruwan nan ne yake jira sai an tayar da mota an hau titi, sannan ya zubo ya ja farin layi a jikin ƙofa.

Kafin a kai ga ciniki akwai abin da ya kamata a riƙe, don a nan ake yin sayen da-na-sani. Aikin injin nan korar ruwa ne daga jikin mota, ba ƙafar da shi a wurin ba. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da dama yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam, su ne ke barin farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa. In ɗigon ruwa ya bushe a kan fenti, ruwan ne kawai ya tafi, gishirin yana nan, shi ne farin tabo mai zobe da ake gani a bonet. In rana ta gasa shi ya kwana biyu, yakan ci saman fentin har sai an sa folish kafin ya fita. Inji mai ƙarfi yana ture ɗigon ɗungurungum ya faɗo ƙasa da gishirinsa. Mara ƙarfi kuwa fasa ɗigon yake yi ya zama ƙanana, su bushe nan take, a tashi da tabo ɗari maimakon goma.

Shi ya sa ba ma ba iska mai zafi muhimmanci, duk da yadda wasu kamfanoni ke tallata ta. Ta fi amfani a ƙasashen sanyi, inda ruwa ke daɗewa a jikin ƙarfe. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, matsalar ita ce ruwan yana riga ka bushewa. In injinka yana da makunnin zafi, kashe shi, sai dai da sanyin asubar hunturu.

Lambobin jikin kwali

Lambobi uku ake rubutawa, kuma wanda aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe shi ya fi rashin amfani. Wat yana faɗin wutar da injin ke ci ne kawai, ba iskar da yake bayarwa ba. Gudun iska, wanda ake rubutawa da m/s ko km/h ko MPH, a daidai bakin bututu ake auna shi, kuma duk wanda ya tsuke bakin zai samu lamba mai girma. Na uku shi ne yawan iskar da ke fitowa a minti ɗaya ko a awa ɗaya, ana rubuta shi m³/min ko m³/h, kayan Amurka kuma CFM. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne. CFM ɗaya wajen lita 28 ne a minti, don haka CFM 400 ya kama lita 11,300 a minti, ko kubik mita 680 a awa.

Misali ɗaya daga kamfani guda zai nuna bambancin. Makita DUB185 gudun iskarta ya kai mita 98 a daƙiƙa, amma yawanta kubik mita 3.2 ne a minti. Makita DUB184 gudunta mita 52 ne kawai, yawanta kuma kubik mita 13. Batir iri ɗaya suke amfani da shi, mai volt 18. Wanda ya bi gudu zai ɗauki ta farko, ya je gida ya tarar tana share faɗin da bai wuce tafin hannu ba a kowane wucewa. Ta biyun tana kwashe ruwan rufin mota a wucewa kaɗan. Gudu shi ke ɓamɓaro ɗigo daga fenti, yawa shi ke ɗaukarsa ya kai shi gefe ya zubar. Ana bukatar duka biyun, amma ga faffaɗan wuri irin rufi da bonet da ƙofofi, yawan ne ke yanke hukunci. Ga bulowa mai buɗaɗɗen bututu, kada a sauka ƙasa da kubik mita 11 a minti idan mota sukutum ake son busarwa da ita.

Wannan ma'auni bai shafi inji mai tiyo ba, wanda za mu zo kansa. Shi yawan iskarsa a takarda bai kai na bulowar share ganye ba, amma matsinta ya fi, kuma ana kai bakinsa dab da fenti. A kwatanta lamba da lamba a cikin iri ɗaya kawai.

Sai kuma ƙarfin doki, HP. Doki ɗaya wat 746 ne. Air Force Master Blaster na kamfanin MetroVac na Amurka, inji ne na gaske da masu sana'ar gyaran fenti suka daɗe da sani, an rubuta masa doki 8. In aka lissafa, kusan wat 6,000 ke nan, alhali wutar da yake ja ba ta kai wat 2,400 ba. Lambar ta ƙololuwar ƙarfi ce ta ƙiftawar ido, ba ta aiki ba. In injin kirki ma haka ake rubuta masa, to mara suna da aka manna wa doki 10 sai a yi murmushi a nemi farantin da ke jikinsa a karanta amp, wato wutar da yake ja a zahiri.

Irin da ke kasuwa

Wadda aka fi samu a shagunan kayan aiki ita ce ƙaramar bulowa mai waya ta kakkaɓe ƙura, mai wat 600 ko kusa da haka, da guntun bakin roba. Bosch GBL 620 tana ba da kubik mita 3.5 a minti, Makita UB1103 tana kaiwa 4.1, akwai kuma makamantansu na INGCO da Total da ba su kai su tsada ba. Ba ta da nauyi, ba ta wuce kilo biyu ba, kuma ba ta da cin wuta. A madubi, ragar gaba, mariƙin ƙofa da rim, aikinta babu laifi ko kaɗan, bakin robar ma ba ya karce fenti. Ga babur da Keke Napep ita kaɗai ta wadatar, domin can lunguna ne suka fi yawa: haƙarƙarin inji, sifok, ƙarƙashin tanki. Amma a ce za a busar da Sienna ko Hilux da ita, kafin a gama ɓangaren direba ɗaya ɓangaren ya bushe da tabonsa. Wanda ya saye ta ya san ita da tawul ne za su yi aikin tare, tawul a faffaɗan wuri, ita a lungu. Ga mai mota ɗaya da ba ya son kashe kuɗi da yawa, wannan haɗin ba abin rainawa ba ne.

Babbar bulowar share ganye mai batir ita muka fi yarda da ita ga mai wanke motarsa a gida. Babu waya a cikin ruwa, babu jiran a kawo wuta, iska kuma ga ta nan birjik. Ban da DUB184 da aka ambata, akwai na DeWalt da Milwaukee masu CFM 450, da na EGO mai volt 56 irin LB6500 da ke kaiwa CFM 650. Motar da ke da kakin gogewa a jikinta, irin Corolla ko Civic, minti biyar zuwa goma ya ishe ta.

Rauninta batir ne, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. A ninka volt da Ah, wato lambar da ke nuna yawan cajin da batirin ke ɗauka. Batir mai volt 18 da Ah 5 yana ɗauke da wat-awa 90. In injin yana jan wat 500 a ƙarshen ƙarfinsa, minti goma da ɗoriya ne batirin ya mutu. Mai Ah 2 ko minti biyar ba zai kai ba. Na EGO mai volt 56 da Ah 5 wat-awa 280 ne, shi ya sa yake daɗewa, shi ya sa kuma yake da nauyi da tsada. Lokacin da kamfani ke rubutawa, minti 60 ko 90, a mafi ƙanƙantar gudu aka auna shi, gudun da ba ya motsa ruwa. Mota ɗaya, batir ɗaya mai Ah 5. Motoci biyu, batir biyu. Ga wurin wankin mota na haya, inda motoci ke layi, batir ba zai riƙe ba.

A nan ne kuma jabu ya fi yawa. Za ka ga batir an rubuta masa 88V ko 128V ko abin da ya fi haka. In aka buɗe, ƙwayoyi biyar ne a jere, kowace volt 3.6, jimla 18, in sun cika taf su kai 21. Mai 18V da mai 20V Max ma abu ɗaya ne, yadda aka rubuta ne ya bambanta. Hannu ya fi ido gane gaskiya a nan: kowace ƙwaya wajen giram 45 ce, batir mai Ah 5 na gaske ƙwaya goma ne a ciki, nauyinsa ya haura rabin kilo. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ba Ah 5 ba ne ko me aka rubuta. Zafi kuma shi ne ajalin batirin litiyam. Kada a bar shi a but ɗin mota da rana, kada a sa shi caji yana da zafi daga gama aiki, a bar shi ya huce a inuwa tukuna.

Ƙorafi na biyu a kan wannan bulowa shi ne tsawon bututunta. An yi shi ne don ya kai ƙasa mutum yana tsaye, ba don jikin mota ba. A tsakanin mota da katanga juya shi wahala ne, kuma bakinsa busasshiyar roba ce mai ƙarfi, in ta bugi ƙofa sai ta bar shaida. Ana sayar da gajeren baki mai leɓen roba mai laushi don wasu samfura. In ba a samu ba, a naɗe bakin da tef mai taushi ko a sa masa zoben tsohon tub na babur. Kada dai a yi aiki da ita babu bututu sam idan farfelar tana kusa da baki, yatsa na iya shiga.

Akwai bulowar ganye mai waya, wadda ke hurawa kuma tana zuƙar ganye ta niƙe shi a jaka. Ƙarfi akwai, araha akwai. Sharaɗinta ɗaya: in an taɓa zuƙar shara da ita, ta haramta ga mota. Yashi da tsakuwa suna maƙalewa a gidan farfela, su fito lokacin da ba a zata ba.

Na uku shi ne injin da aka ƙera musamman don wannan aiki: gwangwani ko akwati mai tayoyi, da moto ɗaya ko biyu a ciki, da dogon tiyo, da bakunan roba iri-iri, da soson tace iska a mashigarta. Master Blaster na cikin wannan sahu, haka BigBoi na ƙasar Ostireliya, sannan ga na Sin marasa suna da yawa, waɗanda asalinsu na busar da gashin dabbobi ne, masu wat 2,000 zuwa 2,800. Abin da ke hannunka tiyo ne kawai, ba nauyin inji ba, don haka ana iya yini ana aiki. Iskar tatacciya ce. Bakin yana shiga inda babbar bulowa ba ta shiga. Ga mai wurin wanki da ke son ya bambanta da maƙwabtansa, ko mai gyaran fenti da folish, wannan ne kayan aiki. A duba tsawon tiyo kafin a biya: mita uku ya yi kaɗan, sai ka yi ta jan injin yana bin ka yana karo da taya. Mita takwas zuwa tara yana zagaye mota injin yana zaune wuri ɗaya. Na arahar, tiyonsu ne ke fara tsagewa daga wuya, kuma makunninsu yana narkewa saboda wutar da ke bi ta cikinsa ta fi ƙarfinsa.

Bulowa mai fetur, irin Stihl BG 86, ba a magana wajen ƙarfi, amma ba ma ba da shawararta ga mota. Injinta mai bugu biyu ne, ana haɗa fetur da man 2T, kashi 50 da 1, wato mililita 20 a lita guda, kuma wani ɓangare na man yana fitowa ta salansa da hayaƙi. Kana zagaya mota hayaƙin yana sauka a gilashi da fenti, ya bar maiƙo siriri wanda sai dare ya yi fitilun gaba suka haske gilashin za ka gan shi. Ga ƙara. Mai wanke tirela ko bas a fili yana iya amfana da ita, mai Camry a cikin gida zai ɓata da maƙwabta a banza.

Kwamfiresa irin na masu faci kuwa mutane da yawa suna zaton shi ne sarki, don suna jin tsiwar iskarsa. Matsi gare shi, bar 8, amma yawa babu. Mai tankin lita 50 na gida yana ba da wajen lita 150 zuwa 200 a minti. A ajiye wannan kusa da lita 13,000 na bulowar ganye a ga tazara. Kuma tankinsa yana tara ruwa da tsatsa, mai amfani da baƙin mai yana turo ɗan maiƙo cikin tiyo. In za a yi aiki da shi a lunguna da cikin gidan inji, a sa masa matacin ruwa da mai, a riƙa buɗe fanfon ƙasan tanki kullum ana zubar da abin da ya taru, a sauke matsin zuwa bar 2 ko 3. Cikakken matsi yana ɗaga fentin da ya fara ɓamɓarewa, yana cire sitika, yana cusa ruwa cikin fitila. Kada a taɓa nuna bakinsa ga fatar mutum ko da wasa.

Ƙananan fankokin nan masu caji da USB da ake tallatawa a TikTok da Facebook, ana cewa suna juyawa sau dubu ɗari da wani abu a minti, suna fitar da ruwan madubi da na mariƙin ƙofa. Iyakarsu ke nan, cikin 'yan mintuna sun yi zafi sun mutu.

Maganar wuta

Wutar Najeriya volt 230 ce, ta Nijar 220, ta Amurka kuwa 120. Injinan busar da mota da cajojin batir da ke shigowa cikin kayan gwanjo daga Amurka yawanci na 120 ne. A soka su kai tsaye, ƙara ɗaya za a ji sai wari. Caja tana iya aiki da ƙaramar tiransifoma mai sauke wuta, amma inji mai wat 2,000 da ɗori yana bukatar babba mai aƙalla wat 3,000, wadda kuɗinta kan cinye arahar da aka yi murna da ita. A juya injin a karanta farantinsa kafin komai. MetroVac suna yin na 220, shi za a nema.

Soket mai amp 13 iyakarsa kusan wat 3,000. Inji mai wat 2,800 ya riga ya cika shi, don haka kada a haɗa shi da famfon ruwa ko injin feshi a kan soket guda. Wayar ƙari ta zama mai kaurin 2.5mm² ta jan ƙarfe zalla in tsawonta ya kai mita 20. Siririyar waya tana zafi, tana rage wutar da ke isa ga injin, daga baya ta narke a bakin fulogi. In mai naɗi ce a kan gangarta, a warware ta duka kafin a kunna. Mahaɗar waya kada ta kwanta a ƙasa inda ruwa ke gudu, a rataye ta. Wurin wanki na haya ya kamata a sa masa na'urar yanke wuta mai 30mA, irin wadda ke katsewa da zarar wuta ta fara zurarewa ta jikin mutum, domin yaran da ke aiki ƙafarsu cikin ruwa take yini.

Ƙaramin janaretan nan mai lamba 950, abin da yake iya ɗauka a aikace wajen wat 650 ne, ƙaramar bulowa ma da ƙyar. Mai 2.5kVA yana ba da kusan wat 2,000. Inji mai moto biyu yana son 3.5kVA ko fiye, kuma a kunna moto ɗaya a jira ya daidaita sannan a kunna na biyun. In wuta ta yi ƙasa, bulowa rage gudu kawai take yi. Kwamfiresa ne ba ya yafewa: sai ya kasa tashi ya tsaya yana gurnani, in ba a kashe ba kafasita ko koyil ya ƙone.

Ƙura, wadda ba a rubuta ta a kwali

Duk abin da injin ya shaƙa, shi zai watsa wa fenti da gudun da ya wuce na mota a babban titi. Bulowar ganye ba ta da matacin iska, raga ce kawai mai hana ganye shiga. A gidan da aka shimfiɗa siminti ko intalok, aka jiƙa shi da ruwan wanki, wannan ba matsala ba ce. A fili mai yashi, ko a bakin titi lokacin hunturu da hazo ya sauko, matsala ce babba, har ta fi ta tsumma. Ta hanya biyu ƙurar ke zuwa: wadda injin ya shaƙa ta baya, da wadda iskar ta tayar daga ƙasa idan aka sunkuyar da baki wajen taya, ta tashi ta sauka a kan jiƙaƙƙen fenti ta zama laka. In daga nan aka bi da tawul, an yi gugar yashi ke nan.

Maganin bai da tsada. A jiƙa ƙasa har tazarar mita biyu kewaye da mota kafin a kunna. Inji mai tiyo a ɗora shi a kan benci ko a rataye shi a bango, kada a ajiye shi a ƙasa inda ƙura ta fi kauri. Soson tacewarsa a wanke shi da ruwa da ɗan sabulu duk mako, lokacin hunturu duk bayan kwana biyu, a bar shi ya bushe ƙarau kafin a mayar. In wurin wankinka yashi ne zalla kuma babu halin yin daɓe, gara a kashe kuɗin a kan daɓen da tawul masu kyau kafin a sayi inji.

Sharaɗi na biyu da mai shago ba zai faɗa maka ba: iska tana aiki ne a kan fenti mai santsi. In an shafa wa mota kakin gogewa ko an yi mata rufin siramik, ruwa yana dunƙulewa ya gangara da kansa, iska tana taɓa shi ya gudu. Fentin da rana ta cinye, wanda ya yi kaushi, ruwa shimfiɗewa yake yi ya manne, ka hura ya matsa ya dawo. Gwajin mai sauƙi ne, watsa kofin ruwa a bonet. In ya dunƙule, inji zai yi maka aiki. In ya kwanta shame-shame, fara da folish da kaki, in ba haka ba za ka zagi injin da ba shi da laifi.

Yadda ake busarwa

A inuwa, jikin mota a sanyaye. Ɗaurayar ƙarshe a cire bakin feshi daga tiyon ruwa, a bar ruwan ya kwararo a hankali daga rufi, domin shimfiɗaɗɗen ruwa yana jan 'yan'uwansa su sauka tare, sai a rage fiye da rabin aikin tun ba a kunna inji ba. A cire agogo da zobe. Mai babbar riga ko jallabiya ya tattare ta, domin mashigar iskar bulowar ganye a baya take, kusa da cinya, tana cafke tufa ta toshe kanta. Tiyo ko waya a ratayo shi ta kafaɗa don kada ya goga a jikin ƙofa, shi ma yana kwaso yashi daga ƙasa.

A fara da rufi, daga tsakiya zuwa gefe ko daga gaba zuwa baya, fuska ɗaya dai. Bakin ya kasance a karkace, wajen digiri 30 zuwa 45, tazarar santimita 10 zuwa 20 daga fenti. In aka nuna shi tsaye carr, ruwan watsewa yake yi ta kowace fuska ya koma inda aka riga aka busar. A tafi a hankali ana tura layin ruwa gaba, ba kaɗa hannu sama da ƙasa ba. Daga rufi sai gilasai, sai bonet da but, sai ƙofofi daga sama zuwa ƙasa.

Sannan lunguna, kuma a nan ake daɗewa. Madubin gefe a hura ta ƙasansa da bayan gilashinsa, a naɗe shi a sake hurawa, ruwa mai ban mamaki yake ɓoyewa. Ramin waifa, robar gefen gilashi, tambarin kamfani, ragar gaba, kewayen fitilu, bayan lamba, murfin tankin mai. A buɗe ƙofofi da but a bi bakinsu da ƙaramin gudu, ana nuna iskar waje don kada ruwa ya fantsama kan kujeru. Robar gilashin ƙofa a bi ta tare da tsawonta, kada a cusa iska cikinta. Tayoyi su ne ƙarshe, baki yana kallon gefe ba ƙasa ba. Abin da ya rage na ɗigo a ɗauke shi da tawul mai laushi na maikrofaiba, a ɗora a ɗaga ba tare da dirzawa ba. Faifan birki yakan yi jan tsatsa cikin mintuna bayan wanki, wannan ba lalacewa ba ce, a ɗan gangara da motar a taka birki sau biyu ko uku ya goge. Babur kuma a sa wa sarƙarsa mai bayan an busar.

Kunne ma yana da haƙƙi. Ƙarar da ta kai desibel 85 ita ce iyakar da ake ɗauka ta awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 94 awa ɗaya ce, a 100 minti 15. Iskar da ke bugun ramin noti ko ragar gaba tana yin fito mai huda kunne. Mai yin wannan aiki kullum ya sa abin toshe kunne da tabarau.

A gaban mai shago

Kada a karɓi kwali a rufe. A sa a kunna, a bar shi ya yi minti biyu a cikakken gudu. Karkarwa a hannu alamar farfela ce mara daidaito, ita ce ke cinye boris. Kukan ƙarfe daga sabon inji boris ne mara kyau. A leƙa ta ramukan moto: ɗan tartsatsi shuɗi a wajen kabon, wato guntayen gawayin nan biyu da ke kai wuta ga ɓangaren moto mai juyawa, ba komai, amma in yana zagaye kamar zobe ko ana jin ƙauri, a mayar. A nemi mai rage gudu da ƙara shi, da maɓallin riƙe gudu, don yatsa yana gajiya. A ɗaga shi sama da kafaɗa da batirinsa a ciki, a riƙe na minti ɗaya, tunda haka za a riƙe shi a kan rufin jif.

Masu waya kusan duka moton kabon ne, kuma kabon yana cinyewa. Alamarsa injin ya fara yankewa yana dawowa, ko ya ƙi tashi sai an bubbuga shi. A canza guda biyun tare da wuri, domin in ya ƙare ƙarfen bayansa ya taɓa amecha, wato ɓangaren moto mai juyawa, gyaran ya koma na naɗin koyil. Waɗannan motoci iskar da suke ja ita ke sanyaya su, saboda haka soso mai datti ko baki da aka tsuke fiye da kima yana dafa su. Masu batir a nemi wanda aka rubuta wa brushless, ba shi da kabon kuma ya fi tattalin caji. Sai a tambayi mai shagon ko yana da kabon, soso, tiyo da batirin wannan samfurin a ajiye, ya fito da su a gani. In ya ce za a kawo wata mai zuwa, a duba shago na gaba.